Gidan Märklin: Maƙeran da Suka Shimfiɗa Dogo a Tsakar Ɗaki

Göppingen ƙaramin gari ne a kudancin Jamus, a yankin Württemberg, a bakin kogin Fils, kan layin dogon da ya tashi daga Stuttgart ya nufi Ulm. Jirgin ƙasa ya fara tsayawa a garin a 1847, shekara 12 bayan jirgin farko na Jamus ya yi tafiyarsa tsakanin Nuremberg da Fürth. Sai dai jiragen da suka kai sunan Göppingen ko'ina a duniya ba su taɓa ɗaukar fasinja ko buhun hatsi ba. Ƙanana ne, yawancinsu ana iya ɗora su a tafin hannu, suna zagaye a kan tebur ko a tsakar ɗaki, da tashoshinsu da gadojinsu da fitilun ba da hannu. Gidan da ke ƙera su sunansa Märklin. Ya haura shekara 160 yana aiki a gari ɗaya, kuma shekara 147 daga ciki yana hannun zuriyar waɗanda suka gina shi.

Wanda ya kafa gidan ba da jirgi ya fara ba. Theodor Friedrich Wilhelm Märklin, wanda aka haifa a 1817, maƙerin farin ƙarfe ne, mai yanka fallen gwangwani ya lanƙwasa ya liƙe da dalma, irin aikin masu ƙera mazurari da fitilar aci-balbal a kasuwanninmu. A 1859 ya karkata ga ƙera kayan kicin na 'yar tsana: 'yan tukwane, kasko, buta, bokiti, murhu. A lokacin, gidajen masu hali a Jamus sukan saya wa yarinya ɗan ƙaramin kicin a bikin Kirsimeti, ta riƙa wasa tana koyon aikin gida. Kuma ba a gama sayensa rana ɗaya. Bana a kawo tukunya da murfinta, baɗi inna ta ƙaro kwanuka, baɗin baɗaɗa kaka ta aiko da ma'auni. Wanda ya sayar da kicin ɗin farko ya samu mai saye na shekara da shekaru. Duk abin da gidan Märklin ya zama daga baya, a kan wannan dabara aka ɗora shi.

A shekarar nan ta 1859 Theodor ya auri Caroline Hettich, 'yar garin Ludwigsburg, ita ce matarsa ta biyu. Suka raba aiki: shi yana maƙera, ita kuwa ta zuba samfurin kaya a akwati ta shiga jirgi, tana bin shaguna a kudancin Jamus har Suwizalan tana karɓo oda. Ana lissafa ta cikin matan farko da suka yi irin wannan fatauci a ƙasar, a zamanin da ba a saba ganin mace ita kaɗai a tasha da akwatin haja ba. A ƙarshen 1866 Theodor ya yi hatsari ya rasu. Ya bar ta da yara ƙanana, Eugen yana da kusan shekara 5, Karl kuwa a shekarar aka haife shi. Ta sake aure a 1868, ta auri wani mai suna Julius Eitel, amma auren bai ɗaga sana'ar ba. Haka ta yi ta lallaɓa maƙerar, da ƙyar da jiɓin goshi, har yaran suka kawo ƙarfi. Idan aka yi lissafi na adalci, mijin shekara 7 kawai ya yi a kan wannan kasuwanci, ita kuwa ta riƙe shi shekara 22 bayan mutuwarsa. Sunansa ne ake bugawa a kan kwali har yau, amma ba don ita ba da babu kwalin da za a buga sunan.

A 1888 Eugen da Karl suka karɓi ragama, suka yi wa kamfanin rajista da sunan 'yan'uwa biyu, Gebrüder Märklin. Shekara 3 bayan haka suka yi abubuwa biyu da suka sauya akalar gidan. Na farko, sun sayi masana'antar Ludwig Lutz da ke garin Ellwangen, tsohon gida da ya yi suna wajen kayan wasa na gwangwani masu fentin hannu, suka kuma jawo ƙwararrun ma'aikatansa zuwa Göppingen. Na biyu, sun tafi bikin baje kolin bazara na Leipzig, wanda shi ne babbar mahaɗar 'yan kasuwar Turai a lokacin, suka shimfiɗa wani abu a kan tebur.

Layin dogo ne na gwangwani, an lanƙwasa shi ya yi siffar lamba 8. A kansa ga ɗan kan jirgi da taragunsa. Mai talla ya soka makulli a gefen kan jirgin ya yi masa wani kamar yadda ake yi wa agogo, ya ajiye shi a kan dogo ya saki birki. Jirgi ya ɗauki hanya, ya sha kwana, ya ratsa mahaɗar da ke tsakiya, ya zagayo ta ɗaya ɓangaren, bai kauce ba har sifirin ɗin ya saki. Jirgin wasa ba sabon abu ba ne a 1891. An daɗe ana sayar da na ja da zare, da na wani mai gudu a daɓe ya je ya daki ƙafar kujera. Sabon abu shi ne dogon. Gunduwa-gunduwa aka yi shi, miƙaƙƙe da lanƙwasasshe, kowace gunduwa da 'yan tsinkayen ƙarfe a bakinta da ke shiga cikin ta gaba. Ana iya warwarewa a sake haɗawa ta wata siffa, ana iya ƙaro wasu. Faɗin da ke tsakanin ƙarafan biyu kuma tsayayye ne, ba ya canzawa: taragon da aka saya bana zai hau dogon da za a saya shekara 10 masu zuwa.

Wato 'ya'yan Caroline sun ɗauko dabarar kicin ɗin 'yar tsana sun kai ta ɗakin yara maza. Uba ya sayi akwatin farko, jirgi da da'irar dogo. Kirsimeti mai zuwa yaro zai ce yana son mararraba, sai tasha, sai gada, sai ramin da jirgi ke shiga ya ɓullo, sai ɗan mutum-mutumin mai tsaron ƙofa. Ba ranar da za a ce an kammala. Märklin suka sa wa ma'aunan dogonsu lamba, daga 1 zuwa sama gwargwadon girma. Lamba 1 tana da faɗin milimita 45. Da aka fito da wanda ya fi shi ƙanƙanta, mai milimita 32, sai aka ba shi lamba 0. Sauran masu ƙera kayan wasa, a Nuremberg da Ingila da Amurka, suka ga babu riba a jayayya, suka bi waɗannan ma'aunai. Kamfanin Lionel na Amurka ya shiga ma'aunin 0 a 1915, Hornby na Ingila ya fara nasa jiragen a kansa a 1920. Ma'aunin da aka tsayar a wata maƙera ta Göppingen shi ake bi har gobe.

Girma yana son kuɗi, 'yan'uwan kuwa ba su da su. A 1892 suka shigo da Emil Friz, mutumin Plochingen, a matsayin abokin tarayya, a 1907 kuma Richard Safft ya shigo. Daga nan kamfanin ya zama na gidaje uku, Märklin da Friz da Safft, kuma haka ya zauna kusan shekara 100. A 1911 suka gina katafaren bene a kan titin Stuttgarter, inda masana'antar take har yanzu, kuma kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya ma'aikata sun kai wajen 600. Ba su ne mafi girma ba. Gidan Bing na Nuremberg ya ninka su, shi ne ma babban mai ƙera kayan wasa na duniya a lokacin. Bambancin yana wajen aiki. Masana'antun Nuremberg sun fi dogara da buga launi a kan fallen gwangwani da inji, a yanka a harɗe da 'yan kunnuwa, kaya su fito da yawa da araha. A Göppingen an daɗe ana liƙi da dalma, ana bin jikin tarago da burushi ana ja masa layi da hannu. Kayan Märklin sun fi nauyi, sun fi tsada, 'ya'yan attajirai da na sarakuna ake saya wa. Suna yin jirage masu launin kamfanonin dogon Ingila su aika shagunan Landan. Ba jirgin ƙasa kaɗai ba, har da jiragen ruwa da injinan tururi da lilo mai juyawa. Lokacin da aka yi gwanjon kayan wasan da attajirin nan na Amurka Malcolm Forbes ya tara, a New York a 2010, samfurin jirgin ruwan Lusitania guda ɗaya na Märklin ya tashi a kusan dala 200,000.

Abin da ke tura jirgin ma ya sha canji. Bayan sifirin sai tururi na gaske: ɗan tukunyar ruwa a cikin kan jirgi, da 'yar fitilar sifirit tana ci a ƙarƙashi. Idan jirgi ya kauce daga dogo ya kife, wuta ce a kan darduma. Tun kafin shekarar 1900 aka fara na lantarki, kuma shi ma da nasa haɗarin. Wutar gida ake jawowa kai tsaye, a bi da ita ta cikin ƙwan fitila don ya rage mata ƙarfi kafin ta isa dogo. Muddin jirgi na kan layi yana shan wutar, lafiya lau. Da zarar ya faɗi, cikakken ƙarfin wutar gida ne ke kwance a kan ƙarafan, yaro kuwa abu na farko da zai yi shi ne ya kai hannu ya ɗaga jirginsa. Sai a 1926 Märklin suka koma tsarin taransifoma mai sauko da wuta zuwa bolt 20, iyaye suka samu kwanciyar hankali.

Yaƙin farko ya toshe musu kasuwannin waje, amma ya bar musu wata ganima. Kafin yaƙin, su ne ke hulɗa da kamfanin Meccano na Liverpool, mai sayar da 'yan ƙarafa masu huji da noti da yara ke haɗa gada ko injin ɗaga kaya da su. Da gwamnatin Jamus ta ƙwace kadarorin abokan gaba, haƙƙin Meccano a ƙasar ya faɗo hannun Märklin, suka ci gaba da ƙera irin kayan da sunansu shekaru da dama.

Shekarun 1930 su suka tace masu wannan sana'a. Karayar tattalin arzikin duniya ta durƙusar da Bing a 1932. Märklin suka tsallake, har a 1933 suka fito da jirgin da ya zama tambarinsu, samfurin wani dogon kan jirgin lantarki na Suwizalan mai jan kaya a tsaunukan Gotthard, wanda ake wa laƙabi da Kada saboda dogayen hancinsa biyu, gaba da baya, masu lanƙwasa a kwana. Sai dai babbar gasar tana wajen ƙanƙanta. Dogo mai lamba 1 ko 0 yana cin ɗaki guda, ma'aikacin da ke haya a ɗaki biyu kuwa ba shi da wannan fili. A bikin bazara na Leipzig na 1935, kamfanin Trix na Nuremberg, ƙarƙashin Stephan Bing, ɗan gidan Bing ɗin da ya rushe, ya nuna jirgin lantarki mai dogo milimita 16.5, wanda zai zauna a kan teburin cin abinci. Märklin suka biyo baya da nasu a bikin kaka na shekarar, wata 6 tsakani. Suka kira shi 00, daga 1950 kuma aka koma kiransa H0, rabin 0, inda kowane abu yake kashi 1 cikin 87 na girmansa na gaske. Shi ne ma'aunin da ya fi kowane yaɗuwa a duniya yau. A wannan shekara ta 1935 Eugen ya sauka, ɗansa Fritz Märklin ya hau.

Ba za a ba da tarihin wani kamfanin Jamus na wancan zamani a tsallake mulkin Nazi ba. Stephan Bing Bayahude ne. A 1938 aka tilasta masa rabuwa da Trix, ya yi hijira zuwa Ingila. Hermann Göring, na hannun daman Hitler, yana da manya-manyan shimfiɗun jiragen wasa na Märklin a gidansa na Carinhall, yana nuna wa baƙi. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya yi tsanani aka dakatar da kayan wasa, injinan Göppingen suka koma ƙera kayan yaƙi. Gidan ya fito daga wannan zamani da masana'antarsa a tsaye, alhali Nuremberg, inda manyan abokan gasarsa suke, ta sha ruwan bama-bamai. Wani ɓangare na fifikon da Märklin suka samu bayan 1945 daga nan ya fito, ba daga gwanintarsu kaɗai ba.

Shekarun 1950 da 1960 su ne lokacin cin kasuwarsu. Jamus ta Yamma ta farfaɗo, albashi ya ƙaru, jirgin Märklin ya sauko daga gidajen attajirai ya shiga gidan malamin makaranta da na direba. Aka bar gwangwani da dalma, aka koma narka tutiya ana zuba ta a cikin ƙira, kan jirgi ya fito da nauyi, da kowace ƙusa da bututu a jikinsa. Kada ya dawo a ƙaramin ma'auni a 1947. Aka daina yin ma'aunin 0 a tsakiyar shekarun 1950. Littafin hotunan kayan da kamfanin ke bugawa duk shekara ya zama abin da yara ke kwana da shi, suna zagaye abin da suke so da fensir. Da yawa daga cikin iyaye maza, a gaskiya, kansu suke saya wa, yaron hujja ce kawai.

A nan ne kuma suka yi wani zaɓi na fasaha da ya ɗaure musu masu saye tamau. Yawancin kamfanoni sun koma tura wuta ta ƙarafan dogo biyu, ta shiga ta ɗaya ta fita ta ɗaya. Märklin suka tsaya a kan tsohon tsarinsu na hanya ta uku a tsakiya. Da can dogon ƙarfe ne na uku a shimfiɗe, wanda ke ɓata kamannin layin. Daga 1953 suka mai da shi 'yan ƙusoshi da ke leƙowa daga tsakiyar katakan dogo, da ƙyar ido ke ganinsu. A ƙarƙashin kan jirgi akwai wani ɗan fallen ƙarfe mai santsi da ke goga kan ƙusoshin yana ɗaukar wuta, ita kuma ta koma ta ƙarafan gefe biyu. Amfanin shi ne yaro zai iya haɗa dogo ta kowace siffa, har ya juyo da layi ya koma cikin kansa, wuta ba za ta haɗu ba. Juya jirgi baya ma da nasa salo. Ana murɗa makunnin taransifoma zuwa sifiri, a ƙara danna shi baya kaɗan, sai wuta mai bolt 24 ta harba cikin jirgin na ɗan lokaci, wani ɗan makunni a cikinsa ya yi ƙas ya sauya hanya. Tsofaffin jirage sukan yi 'yar zabura a lokacin, fitilarsu ta haska. Wanda ya tashi da Märklin ya san wannan zabura. Illar tsarin, ko kuwa ribarsa in ta fuskar kamfani aka duba, ita ce kan jirgin Märklin ba ya tafiya a dogon wasu, yawancin na wasu ma ba sa tafiya a nasu. Wanda aka saya wa akwatin farko yana ɗan shekara 8 ya shiga gidan ke nan.

Fritz Märklin ya rasu a 1961. Sannu a hankali aikin yau da kullum ya koma hannun manajojin da aka ɗauka haya, gidajen uku suka zama masu hannun jari, suna jiran rabon riba. Fasaha ba ta tsaya ba. A 1969 aka dawo da ma'auni mai lamba 1. A 1972, a bikin kayan wasa na Nuremberg, suka nuna ma'aunin Z, kashi 1 cikin 220, dogo milimita 6.5, wanda ake iya shimfiɗa gari guda da tasharsa a cikin jakar hannu. A 1978 wani kan jirgi na Z ya yi awa 1,219 yana gudu ba tsayawa, ya ci kilomita 720, ya shiga kundin Guinness. A 1984 suka gabatar da tsarin dijital: kowane kan jirgi da lambarsa, har guda 80, ana ba kowanne umarni dabam a kan dogo ɗaya.

Amma yaran sun fara tafiya. Da farko motocin tsere na lantarki suka ɗauke musu hankali, daga baya wasannin bidiyo da kwamfuta. Jirgin ƙasa na gaske ma ya daina zama abin mamaki, tururi ya ɓace daga layukan Jamus ta Yamma a 1977. Waɗanda suka rage su ne yaran 1950 da 1960, yanzu sun zama magidanta masu albashi mai kauri. Kamfanin ya bi su. Aka riƙa fito da jirage masu tsananin kama da na gaske, masu ƙara da hayaƙi, ana yin adadi kaɗan don masu tarawa, farashi yana hawa. A 1993 aka kafa ƙungiyar masoya Märklin ta masu biyan kuɗin shekara. Kuɗi ya shigo sosai a shekarun 1990. Suka buɗe masana'anta a Sonneberg, a tsohuwar Jamus ta Gabas, da wata a Győr ta ƙasar Hangari a 1993, a 1997 kuma suka sayi Trix, wanda ya riga su da wata 6 shekara 62 da suka wuce.

A ganina a nan kuskuren yake, ko da yake kuskure ne mai daɗin aikatawa. Tsarin da Eugen ya kafa yana rayuwa ne da sabon yaro duk shekara, a ba shi akwatin farko mai araha, a bar shi ya girma a ciki. Da kan jirgi ɗaya ya koma Yuro ɗaruruwa, abin da ake ajiyewa a kabad ɗin gilashi a hana yaro taɓawa, sai ƙofar shiga ta ƙuntata. Masu tarawa kuma suna tsufa. Idan ɗaya ya mutu, magadansa su kwashe kayan shekara 40 su zuba a kasuwar intanet. Ingancin da gidan ke alfahari da shi ya juyo kansa: jirgin 1960 yana aiki sumul, yana gasa da sabo a rabin kuɗi. Ba Märklin kaɗai abin ya ci ba. Roco na Austriya ya karye a 2005, gidan Lehmann mai jiragen lambu na LGB ya bi shi a 2006. Kamar masifa ba ta isa ba, a Janairun 2005 ɓarayi suka fasa gidan tarihin kamfanin a Göppingen suka kwashe tsofaffin kayan da kuɗinsu ya haura Yuro miliyan 1, ko da yake 'yan sanda sun gano su bayan 'yan watanni.

Zuwa 2006 ciniki ya ja baya, bashin banki ya taru, gado kuma ya rarrabu. Abin da mutum uku suka haɗa ya zama na magada 22, kowa da ra'ayinsa, kuma ba mai niyyar zuba sabon jari. Wani kamfanin zuba jari na Landan, Kingsbridge Capital, ya taya. Shekara guda kafin nan Franz Müntefering, shugaban jam'iyyar SPD, ya kwatanta irin waɗannan masu jari da farin ɗango, su sauka a kan kamfani su cinye su tashi, kuma maganar ta kama bakin jama'a. Duk da haka, da wasu magada suka ƙi sa hannu, ma'aikatan Märklin ne da kansu suka fito kan titi suna neman a sayar, don sun ga in ba a sayar ba rufewa za a yi. A watan Mayun 2006 aka ƙulla cinikin. Gidajen Märklin da Friz da Safft suka fita.

Sababbin masu gida ba su daɗe ba. Sun rufe Sonneberg, sun tura wani ɓangaren aiki Sin, sun sayi LGB a 2007, suna ta canza manajoji. Ranar 4 ga Fabrairun 2009, ana shirin buɗe bikin kayan wasa na Nuremberg, a shekarar da kamfanin ke cika 150, bankuna suka ƙi sabunta bashi, Märklin ya kai kansa kotu ya ce ya karye. Kotu ta naɗa lauya Michael Pluta ya riƙe kamfanin. Da ya buɗe littattafai sai ya tarar cewa a cikin shekara 3 an biya masu ba da shawara na waje wajen Yuro miliyan 40, a kamfanin da cinikinsa na shekara bai kai miliyan 130 ba. Ya sallame su, ya faɗi abin da ya gani a bainar jama'a. Ya kuma rage ma'aikata kusan 400, waɗanda ba su ci ko sisi daga kuɗin shawarar ba. Kafin shekara ta zagayo kamfanin ya koma cin riba, abin da ya nuna cewa masu saye ba su gudu duka ba. A ƙarshen 2010 masu bin bashi suka amince da tsarin biya, aka fita daga hannun kotu.

Mai saye na gaba ya fito daga Fürth, garin da jirgin farko na Jamus ya sauka. Michael Sieber, wanda shi da mahaifinsa suka kafa kamfanin kayan wasa na Simba a 1982, ya sayi Märklin a 2013 tare da ɗansa Florian, ta wani kamfani da suka sa wa suna Sieber da Ɗansa. Florian, wanda bai kai shekara 30 ba a lokacin, ya koma Göppingen ya shiga cikin masu tafiyar da masana'antar. Ma'aikata suka sassauta a kan wasu haƙƙoƙinsu na albashi, aka ba su tabbacin aiki na wasu shekaru. Aka faɗaɗa masana'antar Győr, aka dawo da ayyuka daga Sin. Yau ma'aikata sun haura 1,000, mafi yawansu a Hangari, zubin tutiya da manyan kawunan jirage kuwa suna nan a titin Stuttgarter.

Mutanen Fürth 'yan kasuwar kayan yara ne, don haka suka ba da ƙarfi a inda aka yi sakaci. Tun 2011 akwai jerin My World, jiragen roba masu batir da ke haɗuwa da maganaɗisu, na yara 'yan shekara 3 zuwa sama, kuma suka bunƙasa shi, suka ƙara da akwatunan farawa masu sauƙin kuɗi ga waɗanda suka ɗan tasa. Zaman gida na annobar korona a 2020 ya sa mutane da yawa suka sauko da tsofaffin akwatuna daga saman rufi, oda ta yi wa masana'antar yawa. A 2021 aka buɗe sabon gidan tarihi, Märklineum, a jikin masana'antar.

Faɗin dogon H0 da ƙusoshin tsakiya kuwa ba wanda ya taɓa su, ko magada, ko masu jarin Landan, ko lauyan kotu, ko gidan Sieber. Wanda ya gaji kan jirgin kakansa na shekarun 1950 zai iya goge shi, ya ɗiga masa mai, ya ɗora shi a kan dogon da aka ƙera bana, ya haɗa da taransifoma ta gargajiya, jirgin ya tashi. In yana son ya sarrafa shi da na'urar dijital tare da sababbin jirage, sai ya kai wa mai gyara ya cire tsohon makunnin juyawa ya dasa masa 'yar na'urar karɓar umarni a gurbinsa.